Kurakuran da ke hana maraya bizar zama wurin danginsa a Ostareliya

Ostareliya tana da biza ta musamman domin yaron da ba shi da iyayen da za su riƙe shi, amma yana da ɗan'uwa na kusa da ke zaune a ƙasar. Mai lamba 117 ta yaron da ke wajen ƙasar ce, mai lamba 837 kuma ta wanda ya riga ya shigo. Wanda ya samu ɗayansu ya samu izinin zama na dindindin, zai shiga makaranta, zai ci gajiyar tsarin kiwon lafiya na Medicare, kuma idan ya cika sharuɗɗa daga baya zai iya neman zama ɗan ƙasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gaji da ganin mutanenmu, waɗanda niyyarsu ta riƙon zumunci ba ta da aibi, suna faɗawa cikin kurakurai iri ɗaya shekara bayan shekara, suna asarar kuɗi, yaran kuma suna asarar lokacin da ba ya dawowa. Ni ba lauya ba ne. Mai ɗaukar nauyi ne da ya bi wannan hanya har ƙarshenta, kuma magungunan da zan kawo al'adata ce, ba dokar kowa ba.

Kuskuren farko shi ne neman bizar alhali mahaifiya tana raye da lafiyarta. A gida, da zarar mahaifi ya rasu yaro ya zama maraya, kuma nauyinsa ya hau kan baffanninsa. Dokokin shige da fice na Ostareliya na 1994, a sashe na 1.14, ba haka suka ɗauki lamarin ba. Sun sharɗanta cewa kowane ɗaya daga cikin iyayen biyu ko dai ya rasu, ko ya samu nakasa ta dindindin da ta hana shi kula da yaron, ko kuma ba a san inda yake ba. Talauci ba ya cikin ukun nan. Mahaifiyar da ta gama takaba ta yi wani aure, sabon mijin ya ce ba zai riƙe agola ba, tana nan da ranta da hankalinta kuma an san gidanta, saboda haka a idon doka tana iya kula da ɗanta, ko da kuwa kowa a unguwa ya san yaron a ɗakin kakarsa yake kwana. Wannan magana tana da ɗaci, amma gara a ji ta tun kafin a biya kuɗin nema, domin ba a mayar da shi idan an ƙi.

A nan ne wasu masu ba da shawara suke cewa, to a rubuta ta rasu mana, wa zai bincika? Ina roƙon duk wanda aka faɗa wa haka ya rufe kunnensa. Ana yi wa yaro tambayoyi, ana yi wa mai riƙonsa, kuma yaro ɗan shekara goma da aka koya wa cewa uwarsa ta mutu ba ya daɗewa bai faɗi ranar da ya gan ta ba. Hotunan suna da na biki da dangi suke zubawa a Facebook kuwa ba a ɓoye suke ba. Ko an yi sa'a bizar ta fito, doka ta ba ma'aikatar cikin gida ikon soke ta daga baya idan aka gano an gina ta a kan bayanin ƙarya. Ban kuma ga zumunci a cikin sa yaro ya kashe mahaifiyarsa da baki domin a samu hatimi ba.

Idan da gaske mahaifiyar tana fama da ciwon da ya hana ta, kamar taɓin hankali mai tsanani ko shanyewar jiki, to rahoton likitan da ya daɗe yana duba ta ake buƙata, wanda ya faɗi irin ciwon, da tsawon lokacinsa, da dalilin da ya sa ba za ta iya riƙon yaro ba. Wasiƙar layi uku da ke cewa ba ta da lafiya ba ta wadatar. Idan kuma ɓata ta yi, kamar yadda rikicin arewa maso gabashin Najeriya da yankin Tafkin Chadi ya raba iyalai da yawa, faɗin cewa ba a san inda take ba bai isa ba, sai an nuna an nema. Rahoton 'yan sanda, cigiyar gidan rediyo, da takardar buɗe neman dangi a wurin ƙungiyar Red Cross, wadda reshenta na Ostareliya ma yake karɓar irin wannan buƙata, su ne abin da ake dubawa. Cigiyar da aka fara mako guda kafin miƙa takardu tana nuna kanta, saboda haka a fara da wuri.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya ƙona ni, kuma har yau ba na iya maganarsa cikin sanyin rai: sayen takardar shaidar rasuwa. Yayana da matarsa sun rasu sun bar yara biyu. Matar a asibiti ta rasu, takardunta cikakku ne. Shi kuwa a ƙauye ya cika da daddare, aka yi masa sutura kafin azahar kamar yadda addini ya tanada, ba wanda ya yi tunanin rajista, domin ba wanda ya taɓa buƙatarta. Da na nemi a haɗo takardu, wani dattijo a danginmu ya ga bai kamata ya bar ni da giɓi ba, sai ya ba wani ɗan cuwa-cuwa kuɗi, aka kawo takarda mai hatimi da sa hannu, fes da ita. Da wasiƙar ma'aikatar ta zo tana cewa lambar takardar ba ta dace da rajistar inda aka ce an bayar da ita ba, na kira shi na ce, “Baffa, wa ya ba ku wannan takarda?” Ya ce, “Ɗana, ai mutuwar gaskiya ce, ni na shiga kabarin na karɓe shi. Takarda ce kawai babu, muka samo.”

Bai yi ƙarya ba game da mutuwar, kuma wannan ne abin takaicin. Sharaɗin da ake kira 4020 ba ya tambayar ko mutumin ya mutu da gaske. Tambayarsa ita ce ko an miƙa takardar jabu ko bayanin ƙarya, kuma ba lallai ne mai nema ya san jabu ce ba kafin ta kama shi. Daga ranar da takarda ɗaya ta faɗi, jami'in ya fara kallon sauran da shakka, har ta asibitin da ba ta da aibi. Aka ƙi yaran biyu. Ƙaramar tana da sauran shekaru a gaba, amma babban ya riga ya cika 18 a zaman jira. Ƙa'idar ita ce shekarun yaro a ranar miƙa takarda ake dubawa, don haka cika 18 ana cikin jira ba ya ɓata komai muddin neman yana raye, amma idan neman ya mutu ba a iya buɗe masa sabo. Hanya ɗaya ta rage, wato ɗaukaka ƙara, da kuɗin lauya, da wasu shekarun jira. Yaron ya iso a ƙarshe, amma ya iso da gemu, shekarun sakandaren da na yi masa tanadi sun wuce.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka: takardar da ban san wanda ya je ya karɓo ta ba, da ofishin da ya shiga, da rasit ɗin da aka ba shi, ba ta shiga ambulan. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar haihuwa da mutuwa, kuma tana karɓar rajistar da aka makara. A Nijar kuma ana samun hukuncin kotu da ke tsayawa a madadin takardar da ba a yi a kan lokaci ba. A je a yi ta gaskiya, ta fito da kwanan watan yau, a haɗa ta da bayanin rantsuwa da ke cewa an binne shi a ranar da ya rasu kuma ba a yi rajista ba sai yanzu. Sannan a tara abin da ke akwai tun asali: wasiƙar limamin da ya yi sallar jana'iza, ta dagaci ko mai unguwa, katin asibitin jinyarsa ta ƙarshe, takardar rabon gado idan an je kotu, saƙonnin ta'aziyya da ke waya da kwanan watansu, da rasit na kuɗin da aka riƙa aika wa mai riƙon yaran. Wasu suna ganin na cika tara tarkace. Ni dai na ga yadda giɓin da aka yi wa bayani yake wucewa, na kuma ga abin da giɓin da aka toshe da jabu ya jawo mini.

Sai maganar wanda ya cancanci ɗaukar nauyi, inda mutanenmu suke tuntuɓe saboda faɗin zumuncinmu. Daga cikin waɗanda doka ta amince da su akwai wa ko ya ko ƙane ko ƙanwar yaron, da kakanninsa, da baffa, kawu, gwaggo da inna na haƙiƙa, wato waɗanda suke uwa ɗaya ko uba ɗaya da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ɗan baffan yaro ko ɗan kawunsa ba ya ciki, haka aminin mahaifinsa da yaron ya tashi yana kira Baba. Kada a ɗaga dangantaka a takarda domin ta shiga layi, saboda idan takardun haihuwa ba su gamsar ba ana iya neman gwajin DNA, a ɗakin gwajin da ma'aikatar ta amince da shi kuma da kuɗinka, gwajin kuwa yana bambanta ɗan wa da ɗan taubashi. Idan kai da marigayin 'yan uba ne, ka faɗi haka tun farko, kada sakamakon ya zo ya faɗa a madadinka. Dole kuma mai ɗaukar nauyi ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai izinin dindindin ko ɗan New Zealand da ya cancanta, kuma ya zauna da gindinsa a ƙasar, wanda a al'ada ake ƙiyasta shi da shekara 2.

Akwai wani tarko da ba a cika tunawa da shi ba, wato tsoffin takardunka kai mai ɗaukar nauyi. Lokacin da ka nemi taka bizar an tambaye ka sunayen 'yan'uwanka da kwanan haihuwarsu, kuma wannan amsa tana nan a ajiye. Idan a wancan lokacin ka lissafa 'yan ɗakinku kawai ka bar 'yan uba, yau kuma ka zo da ɗan wani wa da ba ka taɓa ambata ba, za a tambaye ka. Ni na saba in nemo kwafin tsohon fom in karanta kafin in cika sabo, in kuma rubuta bayanin duk wani saɓani da kaina. Haka rubutun suna. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mamman a katin makaranta, duk mun san mutum ɗaya ne, amma jami'in da ke Perth, birnin Ostareliya inda ake duba takardun, bai sani ba sai an gaya masa da rantsuwa. Kwanan haihuwar da aka ƙirƙira a rage wa yaro shekaru kuwa, katin allurar riga-kafi da rajistar firamare sukan tona shi.

Jinkiri ma kuskure ne, kuma ya fi cin 'yan shekara 16 da 17. Ana jiran a gama rabon gado, ana jiran ya gama jarrabawa, ana jiran kuɗi su taru, har ranar haihuwar ta zo ta wuce. Sannan ga aure. Sharaɗi ne yaron ya kasance ba shi da aure har zuwa ranar yanke hukunci, kuma jiran yakan ɗauki shekaru, don haka idan yarinya ce a zauna da dattawan gida tun ranar farko a gaya musu cewa ɗaura mata aure yana iya rushe komai. Ban yarda a bar wannan magana a hannun zato ba, domin wanda ke riƙon marainiya yakan ga aurar da ita shi ne sauke nauyi.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne yana iya cinye watanni. Kowane yaro da nasa neman da nasa kuɗin, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Fom 47CH na yaron da 40CH na mai ɗaukar nauyi su ne aka daɗe ana amfani da su, amma a duba shafin ma'aikatar a ranar miƙawa domin ganin hanyar da ake bi da kuɗin da ake biya, wanda yakan canja a ranar 1 ga Yuli. Takardun Faransanci ko Larabci ko Hausa sai da fassarar Turanci mai ɗauke da suna da cancantar mai fassarar. Kada a yi gwajin lafiya kafin ma'aikatar ta nema, domin wata 12 yake aiki, kuma sai wurin likitocin da aka amince da su. Yaron da ya kai 16 yana buƙatar takardar 'yan sanda, mai ɗaukar nauyi ma ana binciken tarihinsa domin kare yara. Wanda ke da ikon riƙon yaron a gida sai ya ba da yardarsa a rubuce. Idan adireshi ya canja a sanar da ma'aikatar, idan mai riƙo ya canja a sanar da fom 1022, idan an gano kuskure a amsa a gyara da fom 1023 kafin su gano. Kada a biya wani ejan kuɗin shawara sai an ga sunansa a rajistar gwamnati ko an tabbatar lauya ne. Idan bizar ta fito, akwai ranar da dole yaron ya shiga ƙasar kafin ta wuce.

Idan kuwa an ƙi, kada a tsaya zaman makoki ko taron dangi a waya. Kotun sake duba hukuncin hukumomi, wadda ta maye gurbin tsohuwar a ranar 14 ga Oktoba 2024, ita ce ke sauraron ƙarar, kuma a bizar 117 mai ɗaukar nauyi ne yake shigar da ita daga cikin Ostareliya. Wa'adin yana rubuce a wasiƙar ƙin, ba a ƙara ko kwana ɗaya a kansa, kuma ga yaron da ya wuce 18 wannan ƙara ce kaɗai take riƙe masa ranar da aka fara miƙa takardarsa. A ranar da wasiƙar ta iso a ƙirga kwanakin, a rubuta ranar ƙarshe a jikin kalanda, a nemi lauya a cikin makon.