Yadda za ka gwada ko bayanin kayan aiki yana yi wa wakilin AI jagora a zanen gini

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji da ake ce wa kayan aiki, ba ya leƙa cikin kayan aikin da ka haɗa shi da su a Revit (manhajar zanen gini) ko a fayil ɗin IFC (tsarin fayil na musayar zanen gini tsakanin manhajoji). Abu uku kaɗai yake karantawa: sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta a kansa, da guraben da zai cike. Haka MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, ya tanada. Duk inda bayanin ya yi shiru, wakilin zai cike gurbin da zato, kuma mai gida ne zai biya kuɗin zaton da siminti da rodi. Shi ya sa bayanin kansa yake buƙatar gwaji.

Fara da rubuta ayyuka kamar 20, da irin kalaman da mai gida yake faɗa a unguwannin Gana irin su Nima ko Aboabo: fili ƙafa 100 a 70, a fitar da ciki da falo guda huɗu, kowane ɗaki ƙafa 12 a 12, bulo mai inci 6 a waje, mai inci 5 a ciki. Kowane aiki ka zana amsarsa da hannunka tun kafin gwaji, ka ajiye. A cikin 20 ɗin ka sa uku ko huɗu waɗanda ba su yiwuwa, kamar ƙofar da ta fi bangonta faɗi, don ka ga ko wakilin zai tsaya ya yi tambaya.

Sai ka kulle komai. Samfurin AI ɗaya, umarnin farko ɗaya, fayil ɗaya da ake maido shi sabo kafin kowane zagaye. Bayanin kaɗai za ka riƙa sauyawa, jimla ɗaya a lokaci ɗaya. Kowane aiki a maimaita shi sau biyar, domin wakilin yana iya dacewa yau ya kuskure gobe da bayani iri ɗaya.

Ma'auni shi ne babban rami, kuma a nan Gana ya fi zurfi, saboda mai gida da magini suna magana da ƙafa da inci, zanen da ake kaiwa neman izinin gini kuwa da milimita ake yin sa. Revit, ta ƙofar da masu rubuta manhaja suke shiga, yana ajiye tsawo da ƙafa, ko me allonka yake nunawa. To idan bayanin ya ce "tsawon bango" ya tsaya, wakilin yana iya mayar da ƙafa 12 zuwa milimita 3,658 ya tura, kayan aikin kuma su karɓa a matsayin ƙafa. Bango ya haura kilomita ɗaya ke nan. Wannan ma da sauƙi, don ido zai kama shi nan take. Wanda ya fi cutarwa shi ne na layin bango: daga tsakiyarsa ake auna, ko daga fuskarsa? In aka ja ƙafa 12 daga tsakiya zuwa tsakiya da bulo mai inci 6, cikin ɗakin ya koma ƙafa 11 da rabi tun kafin a yi filasta. A allo ɗakin yana nan tsaf, sai ranar da aka zo shigar da gado da sif. In kayan aikinka milimita suke karɓa, bayanin kirki zai ce ƙarara: "Tsawo da milimita. Ana auna daga tsakiyar bango. Misali: 3600."

Arewa ma iri biyu ce a Revit, akwai ta takardar zane, akwai ta ainihi. Alƙibla daga Accra tana wajen digiri 64 daga arewa ta ainihi zuwa gabas. Ka sa aiki ɗaya na mihrabin masallacin unguwa, ɗaya na juya masai don kada ya fuskanci alƙibla, a fayil ɗin da aka karkatar da arewarsa da gangan. Bayanin da bai faɗi wace arewa yake nufi ba zai tonu a nan.

Wajen ba da maki, kada ka kula da abin da wakilin ya ce ya yi, domin "an kammala" ba ta masa wuyar faɗa. Fitar da fayil ɗin zuwa IFC, ka auna shi da IfcOpenShell, manhajar da ke karanta fayilolin IFC: bango nawa, kaurinsu, faɗin cikin kowane ɗaki, kuma kowace ƙofa tana zaune a buɗaɗɗen gurbi cikin bangonta ko tana shawagi. Sannan ka karanta jerin kiran da ya yi wa kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki kayan aikin da ya dace? In kana da biyu masu kama da juna, na ƙirƙirar bango da na gyara shi, kuma yana ta tara bango a kan bango, kowane bayani yana buƙatar jimlar da ke cewa yaushe ba a amfani da shi. Ya nemi sa ƙofa kafin a yi bango? Bayanin bai faɗa masa cewa sai ya fara samo lambar bangon ba.

Saƙon kuskure ma wani yanki ne na bayani. "An samu matsala" tana sa wakilin ya maimaita kira ɗaya har sau goma. "Bango mai lamba kaza ba ya hawa na biyu, nemi jerin bangayen hawan tukuna" tana maido shi kan hanya a kira na gaba. Ka ƙirga kira nawa yake ɓatawa bayan kowane kuskure.

Abin da ya shafi ginshiƙi da rodi kuwa, ka rubuta a bayanin cewa kayan aikin zane kawai suke yi, ba sa lissafin ƙarfi. Accra ta sha girgizar ƙasa mai tsanani a 1939, kuma ƙa'idar gini ta ƙasa, GS 1207 ta 2018, tana da sharuɗɗanta. Ka gwada ko wakilin zai miƙa irin wannan aiki ga injiniya, ko zai ƙaƙalo kaurin rodi daga kansa.

Ayyuka biyar daga cikin 20 ɗin ka ɓoye su, kada ka dube su lokacin da kake gyaran bayani. Sai ka gama ka fito da su. In maki ya tashi a sha biyar ɗin amma ya faɗi a waɗannan, amsoshin gwajin ka cusa a bayanin, sai ka cire su ka sake rubuta shi da ƙa'idar da ta shafi kowane bango.