Sabon tsari a tsohuwar ordinatar tebur

Yan uwa na Damagaram, kar ku jefar da tsohuwar ordinatarku don Allah. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai da TPM 2.0 (wani ɗan guntun na'urar tsaro da ke cikin mashin) da RAM giga 4, tsofaffin nan yawanci ba su da TPM ɗin, ni Linux Mint Xfce nake sa musu, wani tsari ne da ke maye gurbin Windows, kyauta ne kuma ba nauyi. Fara kwashe hotuna da takardunka tukuna, don kar su goge wajen sa sabon tsarin. Samu kile na USB mai giga 8, ka zuba Mint ciki da Rufus (manhajar da ke zuba tsari a kile), jona kilen a tsohuwar ordinatar, kunna mashin kana danna F12 in Dell ce, F9 in HP, ka zaɓi kilen. Amma fa jona ondula (akwatin batirin da ke riƙe wuta), in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki sai ka koma farko, ya taɓa samuna har sau 2.