Darasi na 9: Tayar mota mai ƙarfi biyu da lissafin kuɗin riƙonta

Mota mai ƙarfi biyu, wadda ake kira haibirid, tana tafiya da injin fetur da kuma injin lantarki mai cin wuta daga babban batir. Wadda aka fi sani ita ce Toyota Prius, da ta fara fitowa a Japan a 1997. Yawancin waɗanda ke isowa Damagaram na hannu ne, sun yi shekaru suna yawo a Turai ko Amurka. Mai saye yakan duba abu ɗaya, wato ƙarancin shan mai. Gaskiya ne ba ta sha da yawa. Amma kuɗin da ka rage a gidan mai yana iya zurarewa ta taya da batir ba ka sani ba, sai fa in kana rubuta lissafi.

Me ke cinye tayarta?

Abu na farko nauyi. Babban batirin Prius kaɗai ya kai kilo 40 zuwa 50, ga injin lantarki da na'urar juya wuta. Na biyu, injin lantarki yana ba da ƙarfinsa nan take, tun mota na tsaye. Direba mai fizgar mota yana kankare tayoyin gaba a kowane tashi. Na uku, idan ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, injin lantarki ne ke riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir, kuma ta ƙafafun gaba yake yin wannan aiki. Ke nan tayoyin gaba su ne masu ja, su ne masu juyawa, su ne kuma masu tsayarwa. Dole su riga na baya suɗewa.

Sai dai kada a ɗora wa motar laifin da ba nata ba. A hanyoyinmu, rashin iska da ramuka da lodi fiye da ƙima sun fi waɗannan uku ɓarna nesa ba kusa ba.

Iska

Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi. A nan aka rubuta iskar da ta dace. A Prius mai taya inci 15, bar 2.4 ne a gaba, 2.3 a baya. Masu faci sukan ce "kilo" maimakon bar. Lambar da ke jikin tayar kanta kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, sau biyu a wata, har da safaya. Zafi yana kumbura iska: duk ƙarin digiri 10 yana ƙara kimanin bar 0.1. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, wanda ya taso daga Maraɗi ya auna da isowarsa zai ga iskar ta hau. Kada ya sace ta. Idan tayar ta huce za ta koma daidai, wanda ya rage kuwa gobe zai tashi da taya mai ƙarancin iska. Irin wannan taya tana lanƙwasa a kowane juyi, ta ɗau zafi, zaren cikinta ya saki, ita ce ke fashewa a tsakiyar hanya. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, domin na wasu masu faci ya daɗe da daina faɗin gaskiya.

Idan ka sace iska don ƙetare rairayi, kamar yadda ake yi a hanyoyin ƙauye wajen Tanut, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta.

Taya tana faɗin ciwonta

Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa ka shafa fuskar tayar daga gefe zuwa gefe. In bakunan biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe ɗaya ne kawai, musamman na ciki wanda ido ba ya gani, ƙafafun motar sun karkace, galibi bayan faɗawa rami. A kai ta gareji mai na'urar daidaita ƙafa kafin a sa sabuwar taya, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta ƙare. In kuma ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, a duba shokabzoba. Ƙullutu a gefen taya ba shi da magani, zare ne ya tsinke, a cire ta.

Zurfin zanen sabuwar taya milimita 7 zuwa 8 ne. Cikin ramin zanen akwai ƴan tudun roba masu tsayin milimita 1.6. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki. Kana iya zura tsinken ashana, ka riƙe da farce, ka auna da rula.

Kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya wa tayoyi wuri: na gaba su koma baya kowace a gefenta, na baya su zo gaba a gicciye. Taya mai alamar kibiya a jiki ba a sauya mata gefe.

Karatun jikin taya

A ce ka ga 195/65 R15 91H. 195 faɗin taya ne a milimita. 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin 100 na faɗin. 15 girman rim ne a inci. 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Kada ka sayi mai lambar nauyi ƙasa da wadda ke takardar ƙofa.

Nemi haruffan DOT, ka bi su har lambobi huɗu na ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana kuma tana gaggauta tsufan. Masu ƙera taya suna cewa in ta wuce shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a jefar. Cikin tayoyin hannu da ake shigowa da su akwai masu hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. Na lokacin sanyin Turai ne. Zanensu mai zurfi yana ruɗar mai saye, amma robarsu taushi gare ta, kwaltar bazara tana cinye ta da wuri.

Lissafi

Farashi yana canjawa, don haka waɗannan lambobi na gwaji ne. Ka sa na kasuwarku a wurinsu. A ce sabuwar taya jaka 40 ce, huɗu jaka 160, suka yi maka kilomita 40,000. Kowace kilomita ta ci sefa 4. A ce ta hannu jaka 15 ce, zanenta milimita 3.6. Cire 1.6, saura milimita 2 kawai za ka mora, alhali sabuwa mai 8 tana ba ka 6.4. Za ta yi kilomita 12,500, huɗu kuwa jaka 60 ne. Raba ka gani: sefa 4.8 a kilomita. Arha ta zama tsada, ban da kuɗin faci da kwanan hanya.

Ta ɓangaren mai, a ce kana yin kilomita 15,000 a shekara. Haibirid mai shan lita 5 a kilomita 100 za ta sha lita 750. Mota mai shan lita 8 za ta sha 1,200. Bambancin lita 450 ne. A kan sefa 500, jaka 225 ke nan. Wannan ba riba ba ce tukuna. Ware wani abu daga ciki kowane wata saboda babban batir, domin yana cikin kayan da suka fi tsada a motar, kuma zafi ne abokin gabarsa.

Batirin Prius na 2004 zuwa 2015 yana da sassa 28, ƙarfinsu a haɗe ya zarce bolt 200. Fanka ce ke sanyaya shi, tana jan iska ta wata taga kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe ta, haka ma buhu ko mayafin fasinja in ya rufe tagar. A share fankar sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya ɗauke. Canja sashe ɗaya da ya mutu yana ta da mota, amma sauran tsofaffi ne, sukan biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wayoyi masu launin ruwan goro kuwa babbar wuta ce ke cikinsu, tana kisa. Ban da bakaniken da ya koyi aikin, kada kowa ya taɓa.

Akwai inda motar take sauƙaƙa maka: takalmin birki yana daɗewa, kuma ba ta da sitata irin ta sauran motoci. Amma kwamfuresan na'urar sanyaya ɗaki na lantarki ne, mai na musamman yake sha, ND-11. In aka zuba masa na sauran motoci, wuta tana iya zurarewa, motar ta ƙi tashi.

Aikin gida

Samu ƙaramin littafi. Rubuta lambar kilomitar motarka ta yau, da lambobi huɗu na DOT na kowace taya, da zurfin zanenta a gefen waje, tsakiya da gefen ciki. Sannan ka amsa: taya mai jaka 20 da zane milimita 4.8, da sabuwa mai jaka 36 da zane milimita 8, wace ce ta fi arha a kowace milimita da za ka mora?