Yadda za ka kai wa ɗanka ziyara a jami'ar Michigan ranar ƙwallo ba tare da ka tsiyace ba

Idan Allah ya sa yaronka ya samu gurbi a jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor, ko kana zaune a Amurka ko daga gida kake turo kuɗi, ba makawa wata rana zai kira ka ya ce Baba don Allah ku zo ku ga wasan ƙwallon Amurka na makarantarmu ko sau ɗaya ne. Ni shawarata ka je ɗin, don wanda bai ga Asabar ɗin ƙwallo a garin nan ba gaskiya bai san inda ɗansa yake zaune ba. Amma kafin ka fara neman tikiti ka zauna da biro da takarda tukuna, saboda makarantar ita kanta tana cin kuɗi ba na wasa ba, ga kuma ranar wasa da komai na garin ke tashi.

Mu fara da babban. Jami'ar ta gwamnatin jiha ce, shi ya sa farashi biyu gare ta. Ɗan jihar Michigan a 'yan shekarun nan yana biyan wajen dala 18,000 a shekara kuɗin karatu zalla, wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa kuma sama da dala 60,000, aji ɗaya malami ɗaya. In ka haɗa da ɗaki da abinci, wanda shi ma ya kai wajen dala 15,000, da littattafai da inshorar lafiya da ake wajabta wa ɗaliban ƙasashen waje, lissafin baƙo yana kaiwa kusan dala 80,000 a shekara, sai ka ninka sau huɗu ka gani. Abin da iyaye da yawa ba sa lura da shi kuma, kuɗin ba ya tsayawa inda ka same shi: kusan kowace shekara ana ɗan ƙarawa, sannan da yaro ya shiga zangon aji uku da huɗu farashinsa ya haura na 'yan aji ɗaya da biyu, in injiniya yake karanta ko kasuwanci nan ma akwai ƙari. Don haka kar ka ɗauki takardar shekarar farko ka ce shi ke nan na san abin da zan biya, ka sa rara a kai tun yanzu.

Ga mazauna jihar akwai sauƙi sosai. Shirin Go Blue Guarantee yana ɗauke wa ɗan jiha kuɗin karatu gaba ɗaya idan abin da gidansu ke samu bai wuce wani adadi ba, da dala 65,000 aka fara a 2018, daga 2025 aka kai shi 125,000, amma fa kuɗin karatu ne kawai, ɗaki da ciki suna nan suna jiranka. In yaron ɗan ƙasar Amurka ne ko mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, ka cike fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA da na CSS Profile da wuri, kar ka ce ai ni ba za a ba ni komai ba, cike dai. Wanda ya zo da bizar ɗalibi shi ne abin ya fi yi wa nauyi, wannan tallafin bai shafe shi ba, kuma tun kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da ake neman bizar da ita sai ka nuna a banki cewa kana da kuɗin shekara guda, ga dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje, ga 185 na neman biza. Aikin da doka ta yarje masa a cikin makaranta awa 20 ne a sati lokacin karatu, wanda zai ishe shi sabulu da kuɗin waya da ɗan shawarma, amma duk wanda ya ce maka yaro zai biya wa kansa makaranta da wannan aikin daɗin baki yake maka. Haka ma kar ka sa rai wai in ya shekara a garin zai koma biyan farashin 'yan jiha, zaman karatu ba ya mayar da mutum ɗan jiha a wajensu. Dabarar da wasu ke yi ita ce yaro ya fara shekara biyu a Washtenaw Community College, nan cikin yankin take kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, daga nan ya nemi komawa babbar jami'ar, sai dai ba tabbas ba ne a ɗauke shi, sai makinsa ya yi kyau.

Sai maganar haya, daga shekara ta biyu yawancin yara fita suke daga hostel, kuma a Ann Arbor tun watanni da yawa kafin lokacin ake sa hannu a gidan baɗi, yarjejeniyar kuma galibi ta wata 12 ce, wato har watannin hutun da yaro ba ya nan kana biya. Ka ce ya turo maka takardar ka karanta da idonka kafin ka tsaya masa.

To yanzu wasan. Ba ƙwallon da muka sani ba ce, wannan da hannu ake ɗaukarta a ruga, mutum 11 kowane ɓangare, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi 10, in kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kai ta ƙarshen fili maki 6 ke nan, in an buga ta ta ratsa tsakanin sanduna maki 3. Iya wannan ya ishe ka ka bi wasan, sauran ka bar yaro ya yi ta maka bayani, daɗi zai ji yau shi ne malami. A agogo minti 60 ne amma da tsaye-tsaye da tallan talabijin sai ya ci awa uku da wani abu.

Filin shi ake wa laƙabi da Big House, an buɗe shi a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a duk Amurka, a wasansu da jami'ar Notre Dame a 2013 har mutum 115,109 aka ƙirga. Garin gaba ɗaya mutanensa ba su wuce dubu 120 da 'yan kai ba, ka ga ke nan ranar wasa kamar an kwaso wani garin an juye a kan wannan. Daga waje ba za ka ga girman ba don yawancinsa a cikin rami aka gina shi, sai ka shiga ƙofa ka leƙa ƙasa tukuna za ka ce ikon Allah. Kujerun kuma benci ne ba majingina, an rubuta lamba a jiki, wajen zaman mutum ɗaya ɗan mitsitsi, in maƙwabcinka mai jiki ne ya sa rigar sanyi sai dai ku yi haƙuri da juna.

Wajen zaɓen rana nan ne kuɗi ke tsira ko su salwanta. Wasan da kowa ke hauka a kai shi ne na jami'ar Ohio State, ƙarshen Nuwamba, shekarun mara kamar 2023 da 2025 a Ann Arbor ake yi, sauran a Columbus, garin Ohio State ɗin. Gaba ce ta kaka da kakanni, Michigan ta ci sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a Janairun 2024 kuma ta ɗauki kofin ƙasa ƙarƙashin koci Jim Harbaugh bayan ta doke jami'ar Washington 34 da 13, har yau in ka taɓo maganar nan a shago ka yi aboki. Amma ni ban ga dalilin da uba mai biyan kuɗin makaranta zai fara da wannan wasan ba, tikitinsa yana ninka na sauran sau da yawa, ga sanyin da ke shiga ƙashi. Ka nemi wasan Satumba da wata ƙaramar makaranta, filin zai cika ɗin dai, 'yan badujala za su yi nasu, rana na nan, farashi kuma da dama-dama. Tikitin a waya yake zuwa, ka saya a shafin makarantar ko wajen sake sayarwa da suka amince da shi, ka sauke shi a wayarka tun a masauki don intanet a bakin fili ba ya da tabbas saboda cunkoso. Yaro yana da nasa a ɓangaren ɗalibai inda ake tsaye daga farko har ƙarshe ana ihu, can ba wajen dattijo ba ne, ka saya muku biyu a wani ɓangaren ya zo ya zauna da kai.

Otal a cikin gari ranar wasa farashinsa ninkawa yake, wasu ma sai sun ce dole kwana biyu. Ka duba Ypsilanti da ke maƙwabtaka, ko kusa da filin jirgin Detroit wanda bai fi tafiyar rabin awa ba, ko ma Dearborn. Ka kama da wuri, amma ka sani lokacin fara wasan sau da yawa sai saura sati ɗaya ko biyu masu talabijin ke tsayar da shi, kar ka sayi tikitin jirgin komawa na daren Asabar. Mota kuma, mutanen unguwa suna tsayawa a bakin gidajensu da kwali suna sayar da wajen fakin a kan ciyawar gida, in ka ɗan yi nisa da filin ya fi sauƙi, ka riƙe tsabar kuɗi saboda su, cikin filin kuwa kati ake amfani da shi.

Kaya: shuɗi mai duhu da ruwan ɗorawa su ne kalar gida. Ja na Ohio State ne, ka bar jar hularka a akwati. Abin dariya kuma kore da fari kalar wata jami'ar daban ce, Michigan State, ɗaya abokiyar gabar, wato in ka sa rigar Super Eagles don kishin ƙasa za a yi ta tsokanarka ba ka san laifinka ba. Ba a shiga da jaka kowace iri, Hajiya ta bar tata a masauki ta zuba waya da kati a aljihu, kuma in ka fita ba ka komawa. Wannan ya shafi sallah, wasan da aka fara sha biyun rana a Satumba yakan ƙare kafin la'asar ta yi, sai ka yi azahar ɗinka bayan an tashi, amma a Nuwamba da ake mayar da agogon can baya da awa ɗaya rana gajeruwa ce, sai ka tsara tun daga gida. Akwai masallaci a titin Plymouth in ka iso tun Juma'a.

Kafin wasa za ka ga jama'a sun cika filin makarantar Pioneer da filin golf na jami'a, sun buɗe bayan motoci sun kafa rumfuna suna gashi tun safe. Mutanen kirki ne, da wuya ka wuce ba a miƙo maka faranti ba, sai dai yawancin tsiran nan nasu na alade ne ga giya ko'ina, ka yi murmushi ka ce Go Blue, kirarin ƙungiyar ke nan, ka karɓi ruwa ko lemo ka wuce, ba wanda zai ji haushi. Haka fiza, jajayen yankan naman da ake jerawa a kai, feferoni, akwai alade a ciki, ka ce ta cuku ko ta ganye kake so.

Duk wanda ka tambaya ina ake cin abinci zai ce maka Zingerman's a unguwar Kerrytown, tun 1982 suke, sanwicinsu ya yi suna a duk ƙasar kuma ranar wasa layi har titi. Burodinsu da cukunsu sun cancanci sunan, amma ba gidan halal ba ne, ka tsaya a kifi ko cuku, kuma ɗaya zai iya isar mutum biyu don ba shi da arha. Jerusalem Garden a titin Liberty sun fi sauƙi, falafel ɗinsu ba laifi ko kaɗan. Ranar Asabar da safe akwai kasuwar manoma a Kerrytown ɗin, lokacin tuffa ne, ka sha ruwan tuffa sabon matsa, ka dai tambaya marar giya. Amma in nama kake so ka ci hankalinka kwance, ka ɗauki yaro ranar Lahadi ku hau titin I-94 zuwa Dearborn, tafiyar kamar minti 45, garin Larabawa ne 'yan Labanan da Yaman da Iraƙi, titin Warren gidajen halal ne a jere. Al Ameer na nan da gasasshen rago, Shatila kuma na kayan zaƙi tun 1979, ga gidajen gahawar Yaman da matasa ke cika wa har dare. Ku biya mahauta ku sayo nama da kaji a zuba a kula, yaron da ke da firiza a gidan haya wannan zai kai shi wata guda, kuma ya fi masa amfani da rigar ƙungiya ta dala 100 da zai nuna maka a shago yana marairaicewa.

A duk gidan abincin da aka zaunar da kai aka kawo maka, farashin da ke takarda ba shi ne ƙarshe ba, akwai harajin jiha kashi 6 sannan ladan mai hidima kashi 18 zuwa 20, wannan ba alfarma ba ce a wajensu, da shi ma'aikacin ke rayuwa. In yaro ya ce zai gayyato abokansa, kuma zai ce ɗin, ka tambayi mutum nawa tun kafin ku fita, ka kuma zaɓi wajen da ake kawo babban tire na shinkafa da nama a ci tare, ya fi kowa ya yi odar nasa sauƙi sosai.

In daga Najeriya ko Nijar za ka taso, ka duba halin da biza take ciki kafin ka biya komai, don tun 2025 dokokin suka yi ta canzawa suna ƙara tsauri, otal ɗin ma ka kama irin wanda ake iya sokewa a dawo maka da kuɗinka.