Yadda Ake Horar da Mai Jifa a Wasan Sofbol na Mata, Bisa Tafarkin Yukiko Ueno

A wasan sofbol na mata, inda ake jefa ƙwallo wata ta buge ta da sanda, tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu mita 13.11 ce kacal, kuma a shekarar 2012 Monica Abbott ta Amurka ta jefa ƙwallo mai gudun kimanin kilomita 124 a awa ɗaya. Ke nan mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa kafin ta yanke shawarar kaɗa sanda. Wannan ne yake sa masu koyo ɗokin gudun ƙwallo tun ranar farko, alhali rayuwar mai jifa Yukiko Ueno ta Japan, wadda aka haifa a Fukuoka a 1982, ta nuna cewa saiti da juriya su ne suke zaunar da mai jifa a fili shekara da shekaru.

Horo yana farawa daga riƙo. Mai koyo za ta ɗora yatsu uku a kan ɗinkin ƙwallo, babban yatsa ya tallafe ta daga ƙasa, kuma a bar ɗan sarari tsakanin ƙwallon da tafin hannu. Daga nan sai ta tsaya kusa da abokiyar cafka, ta riƙa sakin ƙwallon da wuyan hannu kaɗai, har sai juyawar ƙwallon ta daidaita. Idan aka zagaye ƙwallon da baƙin layi, ido zai gani ƙarara ko tana juyawa a miƙe ko tana karkacewa. Wannan mataki yana da gundura, amma wadda ta tsallake shi za ta dawo masa daga baya, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.

Bayan haka sai a koya mata zagayen hannu. A sofbol daga ƙasa ake jifa: hannu yana tashi ta gaba, ya wuce saman kai kusa da kunne, ya sauko ta baya kamar fanka, sannan a saki ƙwallon daidai gefen cinya. Doka ta hana wuyan hannu ya yi nesa da jiki fiye da gwiwar hannu a lokacin sakin. Ya fi kyau a rarraba zagayen, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu, a koma rabi, kafin a kai ga cikakke.

Ƙafafu su ne tushen ƙarfi, kuma a nan ne ya kamata koci ya fi daɗewa. Mai jifa da hannun dama tana tunkuɗa robar tsayawa da ƙafar dama, ta yi dogon taku da ta hagu a kan layin da ya nufi mai cafka, ƙugunta ya buɗe yayin da hannu yake sama, ƙafar gaba ta dira da ƙarfi ta tare jiki. Wannan tarewar ce take aika ƙarfin zuwa hannu. Yarinyar da take jifa da kafaɗa kaɗai za ta gaji da wuri, kuma ciwon kafaɗa ba zai daɗe bai same ta ba.

Kada a ƙara mata sabon salon jifa sai ta iya sanya miƙaƙƙiyar ƙwallo a kusurwar da aka nuna mata. Na biyu da za ta koya shi ne jifan yaudara, wanda hannu yake juyawa da saurin da aka saba amma ƙwallon ta iso a hankali. Mai faɗuwa ƙasa, da mai lanƙwasa, da mai kamar tashi sama, duk suna iya jira.

Abin da wannan tarbiyya take haifarwa ya bayyana a gasar Olamfik. A Atina a 2004 Ueno ta kammala duka zagaye bakwai na wasa da ƙasar Sin ba tare da ko mai bugu ɗaya ta kai tasha ta farko ba, wato wurin farko da mai bugu take rugawa bayan ta buga ƙwallo. A Beijin a 2008 ta yi jifa 413 a wasanni uku cikin kwana biyu, ta kai Japan ga doke Amurka da ci 3 da 1, bayan Amurka ta lashe zinare uku a jere tun 1996. Bajinta ce ta gaske, sai dai bai dace koci ya mayar da adadin nan ma'aunin ƙaramar yarinya ba. A ƙidaya jifanta a kowane wasa, a ba ta ranakun hutu, a kuma tsayar da ita da zarar sakinta ya fara sauya wuri saboda gajiya.

Japan kanta ta yi aiki da wannan a Olamfik ta Tokiyo da aka buga a 2021. Ueno tana da shekara 39 a wasan ƙarshe, kuma an sa matashiya Miu Goto ta karɓe ta a zagaye na shida, sannan ta dawo ta rufe na bakwai, aka doke Amurka da ci 2 da nema. Saboda haka kowace ƙungiya ta horar da mai jifa ta biyu tun farkon kakar wasa. A kuma tanadi garkuwar fuska ga masu koyo, domin a 2019 ƙwallon da aka bugo ta karya wa Ueno muƙamuƙi tana tsakiyar da'irar jifa.