Masu wasan lema a kan ruwa, ku daina sammakon banza

Jama'a, in za ku Tarkwa Bay ko gaɓar Lekki a Legas da lema da allo, wato wasan da iska ke jan lema, ita kuma ta ja mutum a kan allo bisa ruwa, kar ku biya kuɗin jirgi da sassafe. Ku bari sai bayan azahar.

Da safe iska kwance take. Sai rana ta gasa ƙasa, iskar tudu ta yi zafi ta tashi sama, sannan mai sanyi ta taso daga teku ta cike gurbin. Daga kudu maso yamma take zuwa, ko ka faɗi, za ta turo ka gaɓa.

Kafin ka fito, duba Windy, manhajar hasashen iska. In iska ba ta kai kilomita 22 a awa ba, sha shayinka a gida, lemar ba za ta ɗauke ka ba. Yuli zuwa Satumba iskar ta fi kaɗawa.

Amma fa lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, dabarar ba ta ci. Iskar arewa maso gabas cikin teku take jan mutum, ga hazo. Haka in hadari ya haɗo daga gabas, sauke lemarka nan take.

A Tarkwa kuma, nisanci mashigar manyan jiragen Apapa.