Darasi na Tara: Ruwan Zartsi da Kayan Aikin Gida

Kowa ya tuna da cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidansu. In dai da ruwan rijiya ko na burtsatse kuke girki, da wuya a ce ba ku taɓa ganin wani farin abu ya daskare a gindinta ba, kamar ƙanzon tuwo, ko an kankare da cokali sai ya dawo. Mata da yawa suna shan gorin ƙazanta a kansa, alhali ba su ci ba ba su sha ba. Daga cikin ruwan ya fito.

Idan ruwan sama ya nutse ƙasa, yakan ratsa duwatsu yana narkar da wasu sinadarai biyu, kalsiyam da magnesiyam. Ido ba ya ganinsu, ruwan garau yake. Masana na auna su da miligiram a cikin lita ɗaya: ƙasa da 60 babu damuwa, sama da 180 kuwa abin ya yi yawa ƙwarai. Mu dai cewa muke ruwan zartsi, ko ruwan da ba ya kumfa. Ruwan madatsa, irin na Ajiwa da ake turo wa birnin Katsina, galibi bai kai na ƙarƙashin ƙasa ɗaukar waɗannan sinadarai ba. Rijiyoyin ma kowace da halinta, sai ka ga gida biyu a layi ɗaya amma ruwansu ya sha bamban.

Zafi ne ke fito da abin fili. Da ruwan ya ɗau wuta, sinadarin sai ya rabu da shi ya manne a jikin ƙarfe, ya zama dutse, irin wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Shi ya sa kayan dafa ruwa suka fi shan wahala. Ku dubi hitar da ake tsomawa a bokiti da hunturu. Idan farin ya lulluɓe ta, kamar an rufa mata bargo ne: zafin ba ya fita da sauri zuwa ruwa, sai ya taru a jikinta. Ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, hitar na ta gasa kanta, wata safiya a jona ta ta ƙi. Sai a ce jabu aka sayar mana. Haka butar lantarki, haka dutsen guga mai feshin tururi, wanda ramukansa ke toshewa har ya riƙa tofa farin gari a kan baƙar shadda.

Bara famfon banɗakinmu ya koma zuba siriri, na kira mai gyara ina cewa injin tura ruwa zuwa tanki ne ya gaji. Bai ko kalli injin ba. Ya kwance kan shawa ya miƙo mini.

"Malam, ƙirga ramukan da suka rage."

Rabinsu sun toshe. Ya yanko guntun tsohon bututun ƙarfe, na leƙa, hanyar da a da ɗan yatsa ke shiga, yanzu da ƙyar tsinken tsintsiya zai wuce.

"Wannan ba ya wankuwa," in ji shi. "Ka sa na roba, bai cika kamawa ba."

A ganina kuɗin bututun bai kai ciwon fasa bangon da aka binne shi ba.

Maganin wannan dutse tsami ne. Matsa lemun tsami a kan ɓarɓashinsa, za ka ga yana 'yar kumfa, narkewa yake yi. Don wanke buta, a zuba ruwa rabi, a matse lemun tsami huɗu ko biyar, ko a haɗa ruwan kal da ruwa daidai wa daida. A tafasa, a bar shi ya huce kamar awa ɗaya, a zubar, a ɗauraye sosai. Kan shawa kuwa a jiƙa shi ya kwana, da safe a bi ramukan da tsohon buroshi. Kada a kankare hita da wuƙa. Kuma ko da wasa kada a haɗa tsami da haipo wajen wankin masai, domin suna fitar da iska mai guba da ke sarƙe numfashi.

Akwai masu jefa alif a tanki don wai ya kashe zartsi. Alif laka yake kwantarwa, abin da ya narke a ruwa yana nan daram. Wanda ya tari ruwan damina a randa ya fi su dabara wajen wanki, don sabulu kaɗan ya ishe shi. Masu sola kuma su kiyaye: batirin da ake ƙara wa ruwa, tataccen ruwan da ake sayarwa a shago don batir (distilled water, ba asid ba) kaɗai ake zuba masa, na rijiya rage masa kwana yake yi.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ko shan irin wannan ruwa na da illa. Kalsiyam da magnesiyam abubuwa ne da jiki ke buƙata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa musu iyaka a ruwan sha don tsoron cuta ba. Ƙazantar rijiya ita ce abin tsoro, za mu zo kanta a darasi na gaba.

Aikin gida: a sami gorar roba biyu. A zuba ruwan gidanku rabi a ɗaya, ruwan leda rabi a ɗayar. A kankara ɗan sabulun wanka daidai a kowace, ba omo ba, a rufe, a girgiza sau goma. A rubuta jimla uku game da wadda ta fi kumfa da wadda ta yi fari kamar tsarin kamu, a zo da gororin aji ranar Asabar.